Yadda Ake Rage Sauron Fadama a Unguwannin Bakin Kogin Kaduna

Mazauna Rafin Guza, Kabala, Nasarawa, Kigo Road da sauran unguwannin da ke kwance a gefen Kogin Kaduna suna yawan maimaita tambaya ɗaya: an yashe kwata, an sare ciyawar ƙofar gida, ana kunna maganin sauro kowane dare, amma zazzaɓi bai rabu da yara ba har bayan ɗaukewar damina. Ta ina za a ɓullo wa lamarin?

Yawanci ana yaƙi ne da ruwan da ba shi ne mai laifin ba. Sauron da ke tasowa daga baƙar kwata da sokawe, wato Kuleks, shi ne mai kuka a kunne da hana barci, amma ba ya ɗaukar maleriya. Mai ɗaukarta jinsin Anofilis ne, shi kuwa ya fi son ruwan da ido zai ce ba shi da aibu. Iri biyu ne suka fi damun mu a nan. Akwai Anopheles gambiae da danginsa, masu hayayyafa a ɗan ruwan da rana ke duka, kamar sawun taya, sawun kofaton shanu da ramin masu bulo. Akwai kuma Anopheles funestus, ɗan ƙarami baƙi, wanda gidansa fadama ce mai ciyawa da inuwa, ruwan da ba ya ƙafewa da wuri. Wannan na biyun shi ne ke riƙe da zazzaɓi a kaka har cikin rani, lokacin da mutane suka naɗe gidan sauro suka ajiye. Ga yadda aikin yake, kuma jerin yana da muhimmanci.

1. Haɗa kayan aiki

Ba kaya ne masu tsada ba, yawancinsu suna cikin gida. Kana buƙatar farin ludayin roba mai zurfi ko farar moɗa, ka ɗaure ta a kan sanda mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sai farar roba mai faɗi ta juye ruwa, kwalba mai murfi, littafi da biro, tocila, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Na aikin ƙasa kuma: shebur, diga, baro, lauje ko adda, da manjagara. Dole ludayin ya zama fari, domin tsutsar sauro ba ta fitowa a cikin baƙar roba.

Abin da zai ci kuɗi uku ne kawai: ƙasar ciko idan babu ta kusa, ragar taga da ladan kafinta, sai maganin tsutsa idan an kai ga buƙatarsa. Unguwa ta yi karo-karo a kan ƙasa da magani, kowane gida ya ɗauki nauyin ragarsa.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga ruwan fadama ba takalmi, musamman yara masu son taya aiki. Ruwan kwance mai dodon koɗi shi ne hanyar kamuwa da tsargiya, ga kuma maciji a cikin ciyawa.

2. Koyi gane shi da ido

Tsutsar Anofilis tana kwanciya ne shame-shame a saman ruwa kamar guntun tsinke, domin ba ta da dogon bututun numfashi. Ta Kuleks kuwa tana rataye da kai ƙasa, wutsiya sama. Idan ka taɓa ruwan, ta Anofilis za ta ja da baya a saman ruwa da fizga-fizga ko ta nutse, ta Kuleks kuma ta yi ƙasa tana wutsil-wutsil. Akwai kuma wani abu mai kama da waƙafi, mai babban kai, yana tsalle-tsalle cikin ruwa. Wannan shi ne matakin ƙarshe, saura kwana ɗaya zuwa biyu ya fashe ya zama sauro.

Babban sauron ma ana gane shi. Haska tocila a bango da sassafe, bayan labule, ƙarƙashin gado, ko jikin tufafin da ke rataye. Anofilis yana sauka ne kai ƙasa, gindi a ɗage sama kamar ƙusar da aka kafa a karkace, kuma fukafukansa suna da ɗigo-ɗigon fari da baƙi. Kuleks yana zama a doro, jikinsa daidai da bango. Idan ka ga Anofilis cikinsa ya yi ja, a ɗakin ya ci abinci daren jiya.

Lissafin kwanakinsa shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Macen ce kaɗai ke cizo. Bayan ta sha jini da kwana biyu zuwa uku, sai ta zuba ƙwai 50 zuwa 200 a kan ruwa, ɗaya-ɗaya. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, gambiae yana ɗaukar kwana 7 zuwa 10 a yanayin zafinmu, na fadama kuma ya kan kai mako biyu zuwa uku. Saboda haka duk ruwan da bai kwana bakwai a wuri ɗaya ba, bai isa ya fitar da sauro ba. Aikin mako-mako ne. Gangamin sau ɗaya a wata yana ba sauro damar haihuwa zagaye biyu ko uku kafin a dawo.

3. Zagaya unguwa, ka rubuta kowane ruwa

Anofilis ba mai tafiya mai nisa ba ne, yawancinsu ba sa wuce kilomita ɗaya zuwa biyu daga inda suka ƙyanƙyashe, kuma gidajen da ke bakin ruwa su ne ke fara karɓar baƙuncinsa. Fara daga mita 500 kewaye da gidajenku. A yi zagayen kwana biyu ko uku bayan an yi ruwa, domin ruwan da ya rage a lokacin shi ne abin damuwa.

Yadda ake ɗiba yana da ƙa'ida. Tunkari ruwan kana fuskantar rana, kada inuwarka ta faɗa a kansa, kuma ka taka a hankali, domin tsutsa tana jin girgizar ƙasa. Tsaya minti ɗaya ko biyu. Sai ka karkata ludayin ka shafi saman ruwan a gefen ciyawa, ka bar ruwan ya gangaro ciki da kansa. Kada ka nutsa shi har ƙasa, laka za ka kwaso. Yi haka sau goma a wurare daban-daban na ruwa ɗaya, kana juyewa a farar robar kana ƙirgawa. Tsutsar fadama ta fi kowace wayo: tana nutsewa ta daɗe a ƙasa, don haka idan ka ɗiba sau uku ba ka ga komai ba, kada ka yanke hukuncin babu. Matsa zuwa gindin ciyawa, ƙarƙashin kainuwa da ganyen bado, ka sake jira.

A littafin, kowane ruwa ya samu layi ɗaya: inda yake, girmansa da taki, akwai ciyawa ko babu, tsutsa nawa a ɗiba goma, kuma filin wa ne. Sai ka raba su gida uku: wanda za a cike, wanda za a buɗe wa hanya, da wanda ba ya ciko ba ya koruwa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raina ƙaramin ruwa. Sawun shanu ɗari a mashaya ya fi tsakiyar kogi fitar da sauro, domin ruwa mai gudu da zurfi ba ya riƙe tsutsa. Haka nan ramin da magina suka haƙa don tara ruwa a gidan da ba a gama ba, da ruwan da ke taruwa inda bututun famfo ya fashe.

4. Cike abin da zai ciku

Fara da wannan, shi ne aikin da ba a maimaitawa. Kwashe ruwan ko ka buɗe masa hanya tukuna, sannan a zuba ɓaraguzan gini ko tsakuwa a ƙasa, burji a sama, a daddage sosai, a bar tsakiyar ta ɗan yi tudu da kamar yatsa huɗu, domin ƙasa za ta zauna bayan ruwa biyu ko uku. Ramin da tsawonsa mita biyu ne, faɗi mita ɗaya, zurfi santimita 30, zai ci kusan baro goma.

Gargaɗi: kada a haƙo ƙasar ciko daga filin da ke kusa, an toshe rami ɗaya an buɗe wani ke nan. Kada kuma a cike da shara. Leda da gwangwani suna riƙe ruwa, shara tana ruɓewa ta lotsa, kuma an gayyato Kuleks da Edis, sauron da ke cizo da rana yana yaɗa cutar shawara. Ramin masu bulo da kududdufin da ke filin wani, a bi ta hannun mai unguwa ko jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma kafin a sa shebur.

5. Buɗe wa ruwa hanya

Ana fara haƙa magudana ne daga ƙasa, wato inda ruwan zai faɗa, a yi ta hawa zuwa inda yake kwance. Wanda ya fara daga sama zai yi ta aiki cikin laka bai san ko gangaren ya yi daidai ba. Magudanar ta zama matsattsiya a ƙasa, mai buɗewa a sama, domin ko ruwan kaɗan ne ya yi gudu. Mai faffaɗan gindi takan bar 'yan tafkuna idan ruwa ya ja, su kuwa sauro yake nema. Bayan an gama, zuba bokiti biyu daga sama ka bi shi da ido. Duk inda ya tsaya, a gyara.

Masu lambu a fadama su ma suna da rabonsu. Rijiyar lambu da aka daina amfani da ita a cike ta. Kwamin da aka shayar kada ruwa ya wuce kwana uku a cikinsa. Mai shinkafa, idan ƙasarsa ta ba da dama, ya riƙa sauke ruwan fage ya bar shi ya tsane kwana biyu zuwa uku kafin ya sake cikawa, kada tazarar ta wuce mako. Tsutsa ba ta rayuwa a kan laka busasshiya.

6. Ruwan da ya fi ƙarfin shebur

Fadama ba ta cikuwa, bai kamata ma a cike ta ba, domin ita ce ke shanye ambaliya idan kogi ya tumbatsa a Agusta da Satumba, kuma abincin mutane da yawa yana can. Abin da ake yi shi ne lalata wa tsutsa maɓoyarta a bakin ruwan da ya fi kusa da gidaje. A sare ciyawar da ke tsaye cikin ruwa daga gaɓa zuwa mita ɗaya ko biyu, a janye kainuwa da manjagara, a fitar da su can tudu su bushe. Idan an bar abin da aka sare yana yawo a kan ruwa, an ƙara mata rumfa ne. Gaɓar da ta yi kwance a sassaƙe ta ta ɗan miƙe, don kada a samu ruwa mai guntun zurfi. Da zarar bakin ruwa ya buɗe, ƙananan kifi kamar 'ya'yan karfasa za su iso su yi sauran aikin.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara: sare ciyawar tsakar gida da ta bakin hanya tsafta ce, amma ba ta rage haihuwar sauro. Ciyawar da ƙafarta ke cikin ruwa ita ce abin sarewa.

Idan bayan wannan har yanzu ɗiba goma tana kawo tsutsa, sai magani. Wanda ya fi dacewa da fadama shi ne Bti, ƙwayar halitta ce da ke kashe tsutsar sauro idan ta ci, ba ta cutar da kifi, dabba ko mutum. Ana watsa shi da hannu kamar iri, a bakin ruwa da cikin ciyawa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin buhun, a kuma maimaita duk mako domin ba ya daɗewa. Ba ya kashe mai kama da waƙafin nan, don shi ya daina cin abinci, saboda haka ganin sauro kwana biyu bayan watsawa ba alamar magani ya ƙi ba ne. Koma da ludayi bayan kwana ɗaya ko biyu ka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar wannan hanya ne inda ruwan ba shi da yawa, yana wuri ɗaya, kuma an san inda yake. Don haka a rani ta fi biyan kuɗinta, lokacin da ruwa ya taƙaita. A tsakiyar Agusta asarar magani ce kawai. A nemi jagorancin sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin a saya.

Gargaɗi: kada a zuba baƙin mai, kananzir, fiya-fiya ko maganin feshin gona a ruwan fadama. Suna kashe kifi da ƙwarin da ke cin tsutsa, suna shiga kayan lambu da rijiyoyi, sannan sauro ne ke fara dawowa, ya tarar babu mai cin sa.

7. Toshe gida

Duk ƙoƙarin da aka yi a waje, wanda ke zaune kusa da fadama ba zai ƙarar da sauro ba. Sa'ar da aka yi ita ce Anofilis ɗan ɗaki ne: cikin ɗaki yake cizo, tsakar dare zuwa asuba, cikin ɗaki yake hutawa. Yana bin warin jiki da numfashi, idan ya ci karo da bango sai ya yi sama, ya shiga ta ratar da ke tsakanin bango da kwano. Ɗakin da ba shi da silin, nan ce babbar ƙofarsa, ta fi taga. Shiga ɗaki da rana, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda haske ya shigo, sauro zai shigo. A toshe da siminti ko laka, inda ake buƙatar iska kuma a sa raga.

Ragar taga kada idonta ya wuce milimita ɗaya da rabi. A auna taga a ƙara inci biyu kowane gefe, a ja ta ta miƙe, a danne gefunan da siririn katako sannan a buga ƙusa. Ƙusa kai tsaye a kan raga tana yaga ta cikin 'yan watanni. Ta ƙarfe tana tsatsa a damina, ta roba kuma rana da yara suna gamawa da ita, sai ka zaɓa gwargwadon inda tagar take. Ƙofar raga ta riƙa buɗewa waje, a sa mata sifirin da zai ja ta ta rufe, a kuma duba ratar ƙasanta. A rufe komai kafin magariba.

8. Gidan sauro

Ƙwayar cutar maleriya tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta iso yawunsa, kuma sauro kaɗan ne ke rayuwa har haka. Tsohuwar macen sauro ce ke kashe mutum. Gidan sauro mai magani yana kashe ta tun kafin ta tsufa, shi ya sa idan unguwa duka ta rataya, har wanda ba shi da shi yana amfana. Ana raba shi kyauta a lokacin gangami, ɗaya ga mutum biyu, ana kuma bai wa masu zuwa awon ciki idan akwai.

Sabo a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana ciki, shi ke rage zafin fuska da ƙaiƙayin da ke sa mutane su yar da shi. A rataye kusurwa huɗu, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina, kada hannu ko ƙafa ta jingina da shi. Wanki da sabulun wanka da ruwan sanyi, a hankali, ba da garin sabulu ko bilic ba, a shanya a inuwa. An yi shi ne ya jure wanki kusan ashirin ko shekara uku. Huda ko ba ta wuce girman ɗan yatsa ba a ɗinke ta ranar da aka gan ta. A lokacin zafin Maris da Afrilu, wanda zai kwana a tsakar gida ya kafa sanduna huɗu ya rataya a can.

Sauron wurare da dama a Najeriya ya fara jure maganin da ke jikin tsofaffin gidajen sauro, don haka idan za ka saya, nemi wanda aka rubuta PBO a jikin ledarsa, wato mai sinadarin da ke ƙara wa maganin ƙarfi, ko mai magani iri biyu.

Gargaɗi: fesa fiya-fiya a rufaffen ɗaki a kwana ciki guba ce, musamman ga jarirai da masu asma. Maganin kunnawa kuma yana ƙarewa kafin asuba, daidai lokacin da sauron ke kan aiki.

9. Idan zazzaɓi ya zo

Alamu suna fitowa ne kwana 10 zuwa 15 bayan cizon. A je a yi gwajin jini a ranar, na ɗan yatsa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Idan gwaji ya nuna ita ce, maganin da aka fi bayarwa shi ne haɗin atemeta da lumefantirin, sha shida cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da dare kwana biyu. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, domin da maiƙo yake shiga jiki. Yawan ƙwaya yana bin nauyin mutum ne, kuma akwai mai ƙarfin 20/120 da mai 80/480, kada a rikita su. A shanye duka ko da jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Kulorokwin ya daina aiki a kan wannan cuta tuntuni.

Jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da aka ci, barcin da ba a iya tashin yaro, numfashi sama-sama, tafin hannu ya yi fari fat, ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi: duk wanda aka gani a cikinsu a wuce babban asibiti nan take, ko cikin dare ne. Allurar atesunet ake buƙata, ba aikin kemis ba ne.

Uwargida, idan masu rabon maganin rigakafin damina suka zo wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, su ne za su ba da na ranar farko, ke ce za ki ba da na rana ta biyu da ta uku, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mai juna biyu ta fara shan maganin kariya a wurin awo daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Anofilis ɗin dai shi ne ke yaɗa tundurmi da gwaiwa a yankinmu, don haka idan an zo rabon maganinsu a karɓa.

10. Jadawalin shekara

Maris da Afrilu: ciko, haƙa magudana, gyaran raga, kafin ruwan farko. Mayu zuwa Oktoba: zagaye da ludayi duk mako, a rana ɗaya tsayayya, mutum biyu ko uku da aka san sunansu, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kogi ke ja yana barin tafkuna a gaɓa, a ninka zagayen, a bubbuɗe musu hanya su koma kogi. Disamba zuwa Fabrairu: saran ciyawar bakin fadama, watsa Bti a 'yan wuraren da suka rage, da duba rijiyoyin lambu. Gidan sauro yana nan a rataye duk wata goma sha biyu. Littafin kuma a ajiye shi wurin mai unguwa, domin ramukan da suka ba da tsutsa bana su ne za a fara dubawa baɗi.